Dokin Muybridge da Alhakin da Kyamara Ba Ta Ɗauka Ba

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, a matsayina na malamin makaranta da ya shafe shekaru yana koyar da ɗalibai wasan kwaikwayo. Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin fim, a jarida ne ko a rediyo ko a aji, sai a faro daga hoton wani doki da yake sukuwa a Kalifoniya ta Amurka a shekarar 1878, a ambaci sunan mutumin da ya ɗauki hoton, Eadweard Muybridge, a yaba basirarsa, sannan a yi sauri a wuce zuwa 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière da suka nuna fim ga jama'a a birnin Paris a watan Disamba na 1895. Abin da ake tsallakewa shi ne cewa shekara huɗu kafin wancan hoton doki, mutumin nan ya harbe wani mutum har lahira, kotu ta sallame shi, matarsa ta rasu tana da shekara 24, yaron da ta haifa kuma ya tashi a gidan marayu. Masu wasan kwaikwayo suna cikin waɗanda suka ƙi yarda a raba labarin gida biyu, kuma a kan abin da suka yi, da kuma inda nake ganin aikin nasu ya gaza, nake son in yi magana.

An haifi Muybridge a garin Kingston da ke bakin kogin Thames a Ingila a shekarar 1830, ya yi ƙaura zuwa Amurka yana saurayi, ya zauna a San Francisco yana sayar da littattafai. A 1860 keken dawakin da yake ciki ya yi mummunan haɗari a Texas, ya bugu a ka, ya koma Ingila jinya, kuma sai a 1867 ya dawo San Francisco, wannan karon a matsayin mai ɗaukar hoto. A 1872 Leland Stanford, tsohon gwamnan Kalifoniya kuma babban attajirin harkar jirgin ƙasa, ya ɗauke shi aiki domin ya warware wata gardama da ta daɗe tsakanin masu kiwon dawaki: shin akwai lokacin da doki mai gudu yake ɗage kofatansa huɗu gaba ɗaya daga ƙasa? Mu da muka tashi muna kallon hawan salla da sukuwar dawaki a ƙofar fada mun san cewa ido ba ya iya amsa wannan tambaya, domin kafin ka tsayar da kallonka a kan ƙafa ɗaya, sauran ukun sun riga sun sauya wuri, ƙura kuma ta rufe abin da ya rage.

Aikin ba ƙarami ba ne a wancan zamani, saboda hoto a kan farantin gilashi ake ɗaukarsa, bayan an shafe shi da sinadari, kuma dole a yi amfani da shi tun bai bushe ba. Irin wannan faranti yana buƙatar abin da ake ɗauka ya tsaya cak na ɗan lokaci, shi kuwa doki ba ya tsayawa. A watan Yuni na 1878, a gonar Stanford da ke Palo Alto, inda jami'ar Stanford take a yau, Muybridge ya jera kyamarori goma sha biyu a gefen hanyar tsere, ya kafa farin bango mai layuka da lambobi a ɗaya gefen, ya shimfiɗa zaruruwa a kan hanya ta yadda doki da kansa zai riƙa tsinka su ɗaya bayan ɗaya yana wucewa, kowane zare kuma ya saki murfin idon kyamara guda na wani ɗan ƙanƙanin lokaci da bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Hotunan wata goɗiya mai suna Sallie Gardner sun nuna cewa lallai akwai lokacin da doki yake a sama ɗungurungum, amma ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna zanawa ba, wato ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya. Doki yana barin ƙasa ne a lokacin da ƙafafunsa huɗu suke a tattare a ƙarƙashin cikinsa. Shekara guda bayan haka ya ƙera wata na'ura da ya sa wa suna Zoopraxiscope, wadda take juya faifan gilashi mai ɗauke da zanen da aka kwaikwayo daga hotunan, haske ya jefa su a bango, mai kallo ya ga doki yana gudu. Na'urar jikanya ce ga tsohuwar fitilar nan ta haska hoto wadda daga sunanta na Turanci muka samo kalmar majigi, don haka duk dattijon da ya taɓa zama a filin gari yana kallon majigin gwamnati a zamanin En'e, yana da alaƙa da wannan tarihi ko da bai taɓa jin sunan Muybridge ba.

Tsakanin 1872 da aka fara aikin da 1878 da aka kammala shi akwai giɓi, kuma a cikin giɓin nan ne maganata take. A 1871 Muybridge, yana da shekara 41, ya auri Flora Stone mai shekara 21. Aikinsa na ɗaukar hoto yana raba shi da gida na tsawon makonni da watanni. A watan Afrilu na 1874 Flora ta haifi ɗa namiji aka sa masa suna Florado. Bayan wata shida Muybridge ya ga hoton jaririn a wurin ungozomar da ta karɓi haihuwar, a bayan hoton kuma an rubuta wasu kalmomi da suke kiran yaron ƙaramin Harry. Harry Larkyns abokin iyalin ne, kuma sana'arsa a lokacin da suka saba ita ce rubuta sharhi a kan wasannin kwaikwayo a wata jarida ta San Francisco. Ranar 17 ga Oktoba, 1874, Muybridge ya shiga jirgin ruwa, ya sauka ya hau jirgin ƙasa zuwa Calistoga, ya sake hawa keken doki cikin dare zuwa wata mahaƙar ma'adinai inda Larkyns yake aiki, ya sa aka kira shi bakin ƙofa, ya faɗi sunansa, ya harbe shi a ƙirji. Na jero matakan tafiyar ne da gangan, domin mutumin da ya hau abin hawa iri uku, ya shafe sa'o'i a hanya da bindiga a jikinsa, ya sami isasshen lokacin da zuciya za ta huce da ya so ta huce.

An yi shari'ar a garin Napa a watan Fabrairu na 1875. Lauyoyinsa sun kafa hujja da taɓin hankali, suka kawo shaidun da suka ce halinsa ya sauya tun bayan haɗarin 1860. Mutum goma sha biyu da aka ɗora wa yanke hukunci, dukkansu maza, ba su karɓi hujjar taɓin hankali ba, amma duk da haka suka wanke shi, bisa ganin cewa kisan yana da dalilin da ya halatta shi, alhali alƙali ya riga ya bayyana musu cewa doka ba ta san wannan uzuri ba. Ba da daɗewa ba ya tafi Amurka ta Tsakiya ɗaukar hotuna a Panama da Guatemala. Flora, wadda ta shigar da ƙarar neman saki, ta rasu a watan Yuli na wannan shekara yana can. Yaron ya ƙare a gidan marayu.

Harshenmu ya bambanta abubuwa uku da suka cuɗe a cikin wannan labari. Akwai laifi, wanda kotu take tabbatarwa ko ta kore. Akwai nadama, wadda take cikin zuciyar mutum, babu mai ganinta sai Allah sai mai ita. Sannan akwai alhaki, wanda yake rataye a wuyan wanda ya zalunci wani, ko kotu ta gani ko ba ta gani ba, ko shi ya ji a ransa ko bai ji ba. Shi ya sa magabata suka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Kotun Napa ta kore laifi. Masu wasan kwaikwayo sun zo daga baya suna neman nadama. Ni kuwa abin da nake ganin ya fi cancanta a kafa a dandamali shi ne alhakin, domin shi ne yake da masu shi, kuma masu shin suna da sunaye.

A 1982 mawaƙin nan na Amurka Philip Glass ya fito da wani aiki mai suna The Photographer, wanda aka fara nunawa a ƙasar Holan, ya haɗa wasan kwaikwayo da kiɗa da rawa da haska hotunan Muybridge, kuma an gina sashen wasan ne a kan kisan da shari'ar. A 2006 kuma wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta birnin Vancouver a Kanada, Electric Company Theatre, ta nuna wasan da Kevin Kerr ya rubuta mai suna Studies in Motion, wanda ya ajiye Muybridge a shekarunsa na aiki a Jami'ar Pennsylvania, yana ƙoƙarin auna motsin jikin ɗan Adam, abin da ya bari a baya kuma yana dawo masa kamar fatalwa. Zaɓen wannan lokaci na rayuwarsa hikima ce babba, kuma dalilin yana cikin hotunan da kansu.

Daga 1884 zuwa 1887, a Filadelfiya, birnin da jami'ar take, Muybridge ya ɗauki hotuna fiye da dubu ɗari, aka zaɓi wasu aka buga a 1887 a cikin shafuka 781. Akwai dabbobin gidan ajiye namun daji na birnin, akwai ɗalibai 'yan wasan motsa jiki suna gudu da kokawa da jifa, akwai marasa lafiya daga asibitin talakawa waɗanda aka ɗauki yadda cuta ta karkatar da tafiyarsu, akwai shi kansa da farin gemunsa yana tafiya yana sara da diga. An tsayar da mafi yawansu, da yawa ba tare da sutura ba, a gaban bango mai layukan awo, kyamarori suna ɗauka ta gefe da ta gaba da ta baya a lokaci guda. An kira aikin kimiyya, kuma wani sashe nasa kimiyya ne. Amma wanda ya duba abin da ya sa mata suka yi a gaban kyamarar zai ga wani abu da awo bai buƙata ba: mace tana juyawa a firgice tana gudu da hannu a fuska, mace tana durƙusawa, mace tana ɗaukar yaro tana rungume shi, ƙaramin yaro yana miƙa wa mace furanni. Mutumin da yake tsara waɗannan, yana umartar uwa ta ɗauki ɗa ta sake ɗauka har hoton ya yi daidai, shi ne wanda yaron da aka haifa a gidansa ya tashi a gidan marayu can a ɗaya ƙarshen ƙasar. Littafin tarihin kimiyya ba shi da wurin ajiye wannan lura, domin ba hujja ba ce da za a auna. Dandamali yana da wurin ajiye ta, saboda a can ana iya tsayar da shekarar 1874 da shekarar 1885 kafaɗa da kafaɗa a gaban mai kallo, matacce ya shigo ta ƙofar da rayayye ya fita.

Na gwada wani abu makamancin haka da ɗalibaina, kuma shi ne ya sa na fahimci dalilin da ya sa labarin mutumin nan yake jan masu wasan kwaikwayo. Na jera yara goma sha biyu a gaban aji, adadin kyamarorin Palo Alto, na ce kowanne ya riƙe mataki ɗaya na motsi guda, wato ɗaga hannu domin a mari wani, daga lokacin da hannu yake a ƙasa har zuwa lokacin da ya sauka a kunci. Da suka tsaya cak, sauran ɗaliban suka yi shiru, sai wata yarinya ta nuna na biyar a layi ta ce, malam, a nan da ya so da ya fasa. Abin da ta gani shi ne abin da tunani yake yi wa mai laifi: yana datsa abin da ya faru cikin ƙiftawar ido zuwa gunduwa-gunduwa, ya riƙa dawo da shi yana neman gurbin da da an tsaya. Hanyar da Muybridge ya ƙirƙiro ta kallon doki ita ce hanyar da zuciya take kallon abin da ta aikata, kuma marubutan da suka lura da wannan kamanci sun yi gani mai zurfi.

Sai dai a nan ne damuwata take. Idan aka gina wasa a kan azabar da mai kisa yake sha a zuciyarsa, to shi ne zai riƙe tsakiyar dandamali daga farko har ƙarshe, mai kallo kuma, da yake ɗan Adam ne, zai tausaya wa wanda ya fi daɗewa yana kallo. Nadamar da marubuci ya sanya a bakin Muybridge kyauta ce daga marubucin, kuma kyauta ce mai tsada, domin tana mayar da mutumin da ya yi tafiyar sa'o'i ya kashe wani ya zama abin tausayi, ta mayar da waɗanda ya cuta su zama inuwoyin da aikinsu kawai shi ne su dame shi. Flora ta zama fatalwa a cikin tunanin mijinta, alhali ita mace ce da ta yi aikin gyaran hotuna a wani shagon hoto kafin aurensu, ta je kotu da ƙafarta tana neman a raba auren, ta mutu ba ta kai shekara 25 ba. Ba ina cewa ba ta yi kuskure ba, kuma ba ina wanke Larkyns ba ne. Ina cewa shari'ar Napa ta saurari miji, ta auna mutuncin miji, ta yanke hukunci saboda miji, kuma idan dandamali ya sake ba shi dukkan fili, to an maimaita shari'ar ne da fitilu masu kyau.

Mai karatu Musulmi zai ga wani abu a nan da ya kamata a faɗa. Shari'armu ba ta bar wa miji hukuncin zargi a hannunsa ba. Ta gindaya shaidu huɗu, ta buɗe ƙofar li'ani a gaban alƙali ga mijin da ba shi da shaida sai kansa, ta kuma kafa ƙa'idar cewa ɗa na mai shimfiɗa ne, domin kada a jefar da yaro a kan zato. Na kawo wannan ne saboda na sha jin mutane, har a cikin masu ilimi, idan aka ba su labarin Muybridge sai su ce ai kowane namiji haka zai yi. Wannan ita ce ainihin maganar da ta fitar da shi daga kotu a 1875, kuma ba maganar addininmu ba ce, ba ta doka ba ce. Haka nan batun bugun da ya samu a ka, wanda wasu masana ƙwaƙwalwa na zamaninmu suke ganin zai iya sauya halin mutum ya rage masa iya danne fushi, abu ne da ya cancanci a saurara da tausayi, amma bai bayyana shekarun da suka biyo baya ba, lokacin da yake da natsuwar tsara kyamarori da lissafin daƙiƙoƙi, da zagaya Turai yana lacca a Landan da Paris, da shigar da Stanford ƙara a kan littafin dawaki da aka buga a 1882 ba tare da an ba shi matsayin da yake ganin ya cancanta ba. Mutumin da ya san zafin a cire sunansa daga aikinsa ya san, ko ya kamata ya sani, abin da ake nufi da a cire yaro daga gidan ubansa.

Al'adarmu ta wasa ba baƙuwa ba ce ga irin wannan aiki. A wasan gauta matan fada sukan kwaikwayi sarki da fadawansa a gabansu, su nuna musu halinsu ta hanyar da ba wanda zai iya faɗa da baki, yaran tashe kuma a watan azumi sukan ɗauki halin mai rowa ko azzalumin maigida su yawata da shi ƙofa-ƙofa. Abin lura shi ne a waɗannan wasanni, wanda ba shi da murya a zaure shi ne yake riƙe da wasan. Da wani marubucinmu zai ɗauki labarin Muybridge, ko wani labari irinsa daga cikin namu, domin ba mu rasa gidajen da zargi ya rusa ba, da na so ya karɓi dabarar datsa lokaci daga waɗancan marubuta na Amurka da Kanada, amma ya miƙa ta ga wanda aka cuta, ya bar yaron ya zama mai jera hotunan, shi ne zai tsayar da su, shi ne zai tambayi kowane ɗaya.

Roƙona gare ka, Edita, da sauran masu rubuta mana tarihin fim, shi ne idan an zo kan dokin 1878 a ƙara layi biyu ko uku a faɗi abin da ya faru a 1874, a ambaci Harry Larkyns da Flora da Florado da sunayensu. Wannan ba zai rage komai daga darajar aikin ba. Kofatan Sallie Gardner suna nan a sama kamar yadda kyamara ta kama su. Muybridge ya koma garinsu Kingston ya rasu a can a 1904, ana girmama shi, kayan aikinsa suna ajiye a gidan tarihin garin. Florado ya yi rayuwarsa yana aikin gona da kiwo da kula da lambuna a Kalifoniya, har mota ta buge shi a birnin Sacramento a 1944 yana dab da cika shekara saba'in. Masu binciken tarihi da suka ga hotunansa bayan ya girma sun lura cewa yana kama da Muybridge ƙwarai.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin wasan kwaikwayo,
Zariya.